Wakanda Ta Yi Kyau, Amma Ina Bahaushe a Cikinta?

A Dutsin-Ma da Kurfi ba mu da gidan sinima irin na manyan birane, amma hakan bai hana mu kallon finafinan jarumai masu ƙarfin ban mamaki ba. Shagon masu tura finafinai shi ne sinimarmu. Ka miƙa waya ko memori, a zuba maka Avengers da Spider-Man da Black Panther, wani da Turancinsa, wani da fassara, ka koma gida ka kalla har caji ya ƙare. Ƙannenmu da ba su gama firamare ba sun san Thor da gudumarsa, sun san Hulk da fushinsa.

Ra'ayina a kan wannan lamari kashi biyu ne, kuma ina so mai karatu ya riƙe su tare. Na farko, ganin baƙar fata a matsayin jarumi a irin waɗannan finafinai abu ne mai muhimmanci, ya wuce nishaɗi. Na biyu, ko da Hollywood ta cika finafinanta da baƙaƙen fata, hakan bai nuna cewa mu Hausawa mun shiga ba. Wannan gurbin zai ci gaba da zama fayau har ranar da muka cike shi da hannunmu.

Abin da Black Panther ya canza

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiri jarumin Black Panther a littafin zane na kamfanin Marvel a shekarar 1966. Sai da aka yi shekara 52 kafin ya samu fim nasa na kansa, a watan Fabrairun 2018. Kafin nan an yi wasu: Wesley Snipes ya fito a Blade a 1998, Halle Berry ta fito a matsayin Storm a X-Men a 2000. Amma a mafi yawan finafinan, baƙin mutum abokin jarumi ne, ko mai ba da dariya, ko wanda zai mutu da wuri domin ran jarumi ya ɓaci ya tashi ɗaukar fansa.

Dalilin da masu zuba kuɗi suka daɗe suna kawowa shi ne wai fim ɗin da baƙaƙe suka cika ba ya ciniki a wajen Amurka. Black Panther ya rusa wannan magana da lissafi. An kashe masa kusan dala miliyan 200, ya dawo da sama da dala biliyan 1.3. Mai ba da umarni, Ryan Coogler, baƙi ne. Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin Sarki T'Challa, baƙi ne, haka kusan duk manyan 'yan wasan. Shi ne fim ɗin jarumai na farko da ya shiga takarar gwarzon fim na shekara a gasar Oscar, kuma ya ci kyauta uku: ta sutura, ta tsara wuraren wasa da ta kiɗa. Lokacin da Saudiyya ta sake buɗe sinima a Riyad a watan Afrilun 2018, bayan shekara 35 a rufe, da shi aka fara.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a ciki shi ne Shuri, ƙanwar sarki. Yarinya ce baƙa, ita ke riƙe da ɗakin binciken ƙasar gaba ɗaya, ita ke ƙera sulke da makamai da na'urorin sadarwa. Ka tuna sau nawa ka taɓa ganin fim ɗin da ya nuna 'yar Afirka a matsayin wadda ta fi kowa ƙwaƙwalwa a wurin.

Maganar saitin asali

Ni aikina rubuta manhaja, kuma a waya da bidiyoyin YouTube na koye shi. A wannan sana'a akwai abin da muke kira saitin asali, wato yadda manhaja ke zuwa tun daga masana'anta kafin kowa ya taɓa ta. Yawancin mutane ba sa canza shi. Yadda wayarka ta zo da ƙarar kira, da wuya ka ga an sauya. Shi ya sa duk wanda ya zaɓi saitin asali ya zaɓar wa miliyoyin mutane.

Tunanin ɗan Adam ma yana da nasa saitin. Ka rufe ido ka ce "masanin kimiyya" ko "mai ceton duniya", ka ga fuskar da za ta fara zuwa maka. Wannan fuskar ba da ita aka haife ka ba, abin da ka yi ta kallo ne ya dasa ta. A shekarun 1940, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie Clark, sun ajiye wa yara baƙaƙe 'yar tsana fara da baƙa, suka riƙa tambayarsu wacce ce mai kyau. Mafi yawan yaran fara suka nuna. Binciken nasu ya shiga cikin hujjojin da Kotun Ƙolin Amurka ta duba a 1954, lokacin da ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata.

Kada ka ce wannan matsalar Amurka ce. Buɗe kyamarar wayarka ka danna maɓallin gyaran fuska, ka ga ta wane ɓangare yake kai fatarka. Duba yadda man bilicin ke tafiya a kasuwanninmu. Wani ne ya koya mana cewa haske shi ne kyau, kuma allo na cikin malaman.

Abin ya shiga har cikin na'urorin kansu. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin hoto da katin da ke ɗauke da hoton mace farar fata, shi ya sa tsofaffin hotunan baƙaƙe ke fita dishi-dishi. A 2018, shekarar da Black Panther ya fito, Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin tantance fuska na wasu manyan kamfanoni. A kan maza masu hasken fata, kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan mata baƙaƙe, ya kai kusan kashi 35. Dalilin a fili yake: hotunan da aka horar da manhajojin da su yawanci na farare ne. Sai a 2015 'yan hotunan emoji suka samu zaɓin launin fata. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka sa Tecno ta kama kasuwar Afirka kuwa shi ne masu ita sun zauna sun gyara kyamara ta riƙa fitar da baƙar fuska sarai.

Fim da kyamara da manhaja, cutar ɗaya ce. Wanda ba ya cikin ɗaki lokacin da ake tsara abu, ba a tunawa da shi. Icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: yaron da bai taɓa ganin mai kama da shi yana ƙera abu ba, zai girma yana ɗauka cewa rabonsa a fasaha shi ne saye da caji.

Inda muka fito a fim ɗin

Yanzu mu dawo gida. Masu shirya Black Panther sun yi yawo a al'adun Afirka sun tsinto abubuwa. Harshen Wakanda shi ne Xhosa na Afirka ta Kudu. Rubutun da ke jikin bango ya ɗauko daga Nsibidi na kudu maso gabashin Nijeriya. Ruth Carter, mai tsara suturar, ta ɗauko barguna daga Lesotho, kwalliya daga Masai da Ndebele, rawani da shuɗi daga Buzaye. Mai kiɗan ya je Senegal ya yi aiki da Baaba Maal. A kashi na biyu, Wakanda Forever na 2022, an ji muryoyin Tems da Burna Boy da Rema.

Arewacin Nijeriya fa? Mun fito, kusa da farkon fim ɗin. An rubuta a allo cewa nan dajin Sambisa ne. Dare ne, ga jerin motoci, ga 'yan bindiga sun sato mata masu lulluɓi. T'Challa ya diro daga jirgi ya tarwatsa su. A nan ne ake jin kalmar "wallahi", daga bakin ɗan bindigar da ya ɗora wa wata mata bindiga.

Adalci ya sa a faɗi cewa masu fim ɗin ba ƙarya suka ƙirƙira ba. An sace 'yan matan Chibok a 2014. Kwana uku bayan fitowar fim ɗin a Amurka, ranar 19 ga Fabrairun 2018, aka sace na Dapchi. A nan jiharmu, a watan Disambar 2020, an kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Mu da ke Dutsin-Ma da Kurfi, maƙwabtan Safana da Batsari, ba ma buƙatar fim ya gaya mana mene ne ɗan bindiga. Akwai ma wani wuri mai kyau a wannan fitowa, inda Nakia ta hana T'Challa kashe wani yaro cikin maharan, domin shi ma sato shi aka yi.

Duk da haka, duba rabon da aka yi. A fim ɗin da aka shirya domin ɗaukaka Afirka, wasu sun samu harshen fada, wasu sun samu suturar sarauta, wasu sun samu kiɗa. Mu muka samu matsayi biyu: mai riƙe da bindiga da wadda ke kuka a bayan mota. Ɗan Brazil ko ɗan Koriya da bai san komai a kanmu ba, abin da ya tafi da shi ke nan. Yaron Kurfi da ya kalla a wayar yayansa, shi ma abin da ya gani ke nan: jarumi daga wani wuri yake zuwa, mu namu jira.

Ba na zargin Coogler da mugun nufi. Labarinsa ya bayar, labarin baƙin Amurka da ke neman asalinsa, kuma ya bayar da shi da kyau. "Baƙar fata" babbar rumfa ce, ta haɗa ɗan Oakland da ɗan Soweto da ɗan Kurfi, amma kowannensu da irin tarihinsa da abin da ke hana shi barci. Kayan aro ba ya rufe katara.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganganunsu suna da nauyi.

Wani zai ce: mutane ba su iya zuwa gona, kai kana maganar mutum mai tashi sama? Gaskiya ne fim ba ya korar ɗan bindiga, ba ya sauke farashin masara. Amma ka lura da wanda yaranmu ke gani da ƙarfi a wayoyinsu yau. A TikTok, har 'yan bindiga na fitowa suna baje kuɗi da makamai. Yaro zai yi koyi da wani ko muna so ko ba ma so. In ba mu ba shi jarumin da ke kare rauni ba, akwai masu jiran su ba shi nasu.

Wani zai ce: kasuwanci ne kawai, Disney kuɗi take nema. Haka ne, kuma darasin ke nan. Ba tausayi ne ya buɗe ƙofar ba, ciniki ne. Bayan 2018 aka ga Miles Morales a Spider-Man: Into the Spider-Verse ya ci Oscar. Disney ta haɗa kai da kamfanin Kugali suka fitar da Iwájú a 2024, labarin Legas ta nan gaba. A 2025 Anthony Mackie ya ɗauki garkuwar Captain America a fim ɗin da Julius Onah, haifaffen Makurdi, ya ba da umarni. Masu jin Hausa miliyoyi ne daga Nijeriya zuwa Nijar, Gana, Kamaru da Sudan. Wannan kasuwa ce, kuma in ba mu shige ta ba wani zai shigo ya sayar mana da labarinmu yadda ya fahimce shi.

Wani kuma zai ce: finafinan nan cike suke da abin da ya saɓa wa addini da tarbiyyarmu. A Black Panther akwai bautar wata abar bauta mai siffar damisa, akwai ganawa da matattun kakanni. Iyayen da suka damu da wannan suna da hujja. Sai dai hani kaɗai bai taɓa cire fim daga memori ba. Abin da ke ture fim shi ne wani fim ɗin da ya fi shi daɗi. Jarumin da muka rubuta da kanmu zai iya tsayawa ya yi salla, ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, ƙarfinsa ya fito daga ilimi da ƙira.

Jarumai muna da su

Masu cewa ba mu da labarin da zai yi gogayya da Marvel ba su leƙa rumbun gida ba.

A Daura akwai rijiyar Kusugu da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Kowa ya san Bayajidda, amma wa ya taɓa ba da labarin ta bakin Daurama, wadda ke mulki tun kafin baƙon ya iso? Wa ya ba da labarin maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙar? Su ne injiniyoyin labarin, su ne Shurin wancan zamani.

A Katsina akwai Muhammadu Korau, wanda labarin baka ya ce a kokawa ya kayar da Sanau ya hau sarauta, da takobin nan Gajere. Akwai Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda a 1732 ya yi rubutu da Larabci kan yadda ake gina hatimin lissafi, wato murabba'in da duk layin da ka tara zai ba ka adadi ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741. Duk mai rubuta manhaja da ya karanta hanyoyinsa zai gane cewa matakai ne a jere, irin waɗanda muke rubuta wa kwamfuta yau.

A littafi ma an riga mu. Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki a shekarun 1930, jarumin da ya yi yaƙi da Turawa ya kuma shiga duniyar aljanu. Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi. Umaru Dembo ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini har yau ana sauraron su a waya. Ga 'yan dambe, ga 'yan tauri, ga maharba, ga Gizo da wayonsa.

Wasu ma sun fara ɗiba. Roye Okupe ya gina jarumarsa Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Fim ɗin Amina ya hau Netflix a 2021, da Turanci. Ba laifi suka yi ba, sun ga dukiya a yashe ne suka ɗauka. Kannywood kuwa ta ƙware a labarin soyayya da rikicin gida, kuma tana da masu kallonta, amma ta bar yara da matasa masu son irin wannan fanni a hannun fassarar finafinan Indiya da na Amurka.

Kayan aikin na aljihunka

Uzurin da ya rage shi ne kuɗi, kuma shi ma ya fara rauni. A Kaduna, wasu matasa da ke kiran kansu The Critics sun fara shirya gajerun finafinan kimiyya da waya mai fasasshen gilashi, da koren ƙyalle, da tsohuwar kwamfuta, suna koyo daga YouTube, suna fama da rashin wuta kamar kowa. A 2019 labarinsu ya zagaya duniya, har J.J. Abrams, wanda ya ba da umarnin Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki. Kaduna ce fa, ba Kalifoniya ba.

Manhajar da suka yi amfani da ita, Blender, kyauta ce. Da ita aka shirya Flow, fim ɗin zane daga ƙaramar ƙasar Latbiya, wanda ya doke manyan kamfanonin Amurka ya ci Oscar a 2025. In ba ka da kwamfuta, ibisPaint na zane a waya, FlipaClip na motsa zane, CapCut da KineMaster na haɗa bidiyo. Mai son wasan gem ga Godot, ita ma kyauta.

Shawarata ga matasanmu ita ce kada a fara da mafarkin fim na awa biyu. A fara da labarin zane mai shafi goma, ko bidiyo na minti ɗaya. Mutum huɗu sun isa: mai labari, mai zane, mai murya, mai haɗawa. Tsakanin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da masu gyaran waya da masu ɗinki da ke zana aska a wuyan riga, ba za a rasa waɗannan huɗun ba. A sa labarin a inda aka sani: bakin dam ɗin Zobe, kan duwatsun gari, cikin kasuwar Kurfi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A yi shi da Hausar da muke yi, sannan a sa fassara a ƙasa domin na waje. A kuma saka 'yan mata cikin aikin tun daga rubutu, kada su tsaya a matsayin waɗanda ake ceto.

Wanda ba ya zane ma yana da rawar takawa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke zana hoto suna koyo ne daga abin da ke intanet. In hotunan da suka fi yawa a kanmu na hari ne da gudun hijira, su za su riƙa maimaitawa. Ɗora hoton hawan salla, ginin gargajiya da masu sana'a a Wikimedia Commons, rubutu a Wikipedia ta Hausa, ba da murya a Common Voice, duk gyaran saitin asali ne.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi wuya: in ɗan garinku ya fitar da nasa, zai zo da kurakurai, ba zai kai na Marvel ba. Kada ka zama na farkon yi masa dariya a wurin sharhi. Faɗa masa inda zai gyara, ka tura wa wasu, in ya sa farashi ka biya maimakon ka karɓa ta Xender. Muna kashe data a kan jaruman wasu kullum, ba za mu talauce ba don mun kashe kaɗan a kan namu.

Chadwick Boseman ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekara 43, bayan ya yi shekaru yana aiki da cutar daji a jikinsa ba tare da duniya ta sani ba. Shi da abokan aikinsa sun nuna cewa baƙin jarumi na iya cika sinima daga Atlanta har Riyad. Nasu ke nan, sun yi. Jarumin da zai yi magana da Hausa, ya san zafin rani da daɗin fura, ya san abin da ake ji in an ce hanya ba lafiya, wannan ba ya cikin jadawalin kowane kamfani a Amurka. In kana da labari ko zane da ka fara, ajiye bayaninsa a wurin sharhi, wataƙila mai muryar da kake nema yana karanta wannan shafi.